Sunan Baba a Ƙarƙashin Lambata

Ni na goge sunan babana daga jerin masu karɓar iri, da hannuna, wata Laraba da hantsi, har da murmushina, don Alhaji na tsaye a kaina yana yaba mani. Ban san abin da na aikata ba sai bayan kwana goma sha biyu. Kafin nan tsohon ya riga ya taka da ƙafa zuwa wurin rabo, ya wuni a rana, ya koma gida da buhunsa a naɗe a hammata. Kuma babu wanda bai sani ba a ƙauyenmu cewa 'yarsa ce ke riƙe da jerin a Funtua.

Wata ƙungiyar manoma nake yi ma aiki a lokacin. Ofishinmu ɗaki biyu ne a bayan wani shagon taki, kusa da kasuwar hatsi. Ɗaya na Alhaji ne, shugaban ƙungiyar, ɗayan kuma nawa ne, ni da duk buhun da aka rasa inda za a ajiye shi. Tagata bango take kallo. Daga safe zuwa yamma ba abin da nake ji sai ihun 'yan dako da ƙarar manyan motoci suna ja da baya, in kuma lokacin auduga ne, ɓurɓushinta ya riƙa tasowa daga gidan gurza yana manne mani a fuskar kwamfuta. Alhaji na kirana Injiniya in yana cikin nishaɗi. In ransa a ɓace yake kuma sai in koma "ke yarinyar kwamfuta", ni da na ba talatin baya.

Babu wanda ya san abin da nake yi a ɗakin nan. Matan gidan da nake haya sun ɗauka buga takardu nake yi, har wata ta taɓa kawo mani katin biki in gyara mata. A coci in aka tambaye ni aikina na fara bayani, sai in ga idon mutum ya tafi wani wuri, daga nan kuma a zarce ga maganar da aka fi so, wato yaushe za a sha bikina. Aikin kuwa a waya na koye shi, bayan na gama difloma na zauna shekara biyu ba abin yi, ina kallon bidiyon waɗansu mutane masu magana ta hanci, ina mayarwa baya ina sake saurare. In abu ya cije mani babu wanda zan tambaya a duk faɗin garin, ko akwai ma ban san shi ba. Sai in yi ta faɗa da kwamfutar da baki, in zage ta, in ba ta haƙuri, in sayo awara in ci a gabanta. Na sha kaɗaici a garin nan, ba na ɓoyewa. Akwai makon da in na rufe ƙofata ranar Juma'a da yamma, ba na sake jin muryata sai a waƙar coci ranar Lahadi.

Gida kuwa ba wani nisa gare shi ba. Mota ɗaya ce zuwa Malumfashi, sai acaɓa ya ƙarasa da kai. Amma shekara huɗu ke nan ban taka shi ba, kuma ni na jawo.

Inna ce ta fara bin coci, ni da yayana muka tashi a ciki. Baba bai bi ba. Yana nan kan addinin kakanninsa, irin na Maguzawa, kuma bai taɓa hana mu namu ba, shi ma ya sayo mani takalmin da na sa ranar baftisma. Da Inna ta rasu muka kawo fasto aka yi mata jana'iza yadda muke so, yana tsaye a gefe yana kallo. Bayan an gama, mutane sun fara watsewa, sai ya zo da 'yar ƙwarya da giya a ciki zai zuba a gefen kabarin, yadda ya ga ubansa ya yi ma uwarsa. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na kaɓar da ƙwaryar daga hannunsa a gaban surukai da maƙwabta, na ce ba za a ƙazantar mana da uwa ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar, ya goge ta da bakin rigarsa, ya shige gida. Washegari na koma Funtua ba sallama. Tun daga nan nake cewa wata mai zuwa zan je, in kuma ce ai shi ma bai neme ni ba. Yayana da ke zaune a Zariya ya yi magana har ya gaji ya bari.

To, a bazarar wannan shekarar ƙungiyarmu ta samu irin masara mai saurin nuna da za a raba ma manoma kafin ruwa ya sauka. Alhaji ya ce ya gaji da rigimar takardu, wannan ta jiƙe, waccan akuya ta ci, waccan kuma ba a iya karanta rubutun. Yana son shafi a intanet inda malaman gona za su riƙa shigar da manoma ta wayoyinsu daga ƙauyuka, in lokaci ya yi kowa ya samu saƙo da ranar da zai karɓa da wurin. Na ce an gama. Na zauna na rubuta shi da wani harshen kwamfuta da ake kira JavaScript, kuma gaskiya na ji daɗin aikin nan, don karo na farko ke nan da wani ya nemi abin da ni kaɗai na iya.

A cikin wannan harshe akwai wata hanyar ajiya da ake ce ma ƙamus. Ba abin wahala ba ne. Kowane bayani kana ajiye shi ne a ƙarƙashin makulli, in ka kawo makullin nan take a miƙo maka abin da ke ƙarƙashinsa, ba sai an bi jeri tun daga farko ana nema ba. Naka kawai ka zaɓi makullin da ba zai maimaitu ba. Suna ba zai yi ba, don a ƙauyukanmu sai ka kira suna ɗaya mutum biyar su waiwayo, duk ranar haihuwarsu ɗaya, uban ma sau da yawa sunan rana ne da shi. Katin shaida kuma tsofaffi da yawa ba su da shi. Sai na ce lambar waya. Ai ba a ba mutum biyu lamba ɗaya. Na rubuta layin, manoma[lamba] = bayani, na jingina da kujera ina jin kaina.

Ƙamus yana da wani hali da duk mai koyo ya sani. Makulli ɗaya abu ɗaya yake riƙewa, kamar murhu, in za ka ɗora sabuwar tukunya sai ta da ta sauka. In ka ajiye sabon bayani a ƙarƙashin makullin da ke da wani, na farkon ya tafi ke nan, ba gargaɗi, ba jan rubutu, ba komai. Na san wannan sarai, da an tashe ni daga barci zan faɗe shi. Abin da na manta shi ne inda na fito. Na daɗe a gari har na ɗauka kowa da wayarsa a aljihu yake yawo.

Sati uku malaman gona suna zagaya ƙauyuka a kan babura, sunaye na shigowa daga wajen Danja da Dandume da Malumfashi. Ina zaune ina kallonsu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, har abin ya zama mani abokin hira. In na ga ƙauyen da na sani sai in tuna ranar kasuwarsa da mai ƙosan da ke bakin tasha. In na hango namu kuwa sai in yi sauri in wuce, ban taɓa buɗe shi ba ko sau ɗaya. Akwai ma alamar da ta zo mani na yi watsi da ita. Duk yamma nakan sa a ƙirga mani makullan da ke cikin ƙamus, in ga ba su kai yawan da malaman gona ke faɗa ma Alhaji ba. Na ce oho, cika baki ne irin na ma'aikata, kowa na son a ce ya yi ƙoƙari. Ban taɓa zargin layina ba.

Ranar Larabar da aka rufe rajista Alhaji ya shigo ɗakina yana sakace, ya ce, "Injiniya, ni fa ba na yarda da abin da ban gani ba. Nuna mani yadda saƙon nan zai shiga." Na ce ai da sauƙi. Na buɗe shafin, na sa lambata, a wurin suna na rubuta gwaji, na tura. Wayata ta yi ƙara a kan tebur. Alhaji ya ɗauka ya karanta da tabarau a bakin hanci, ya ce, "Kai! Allah ya yi maki albarka, 'yar nan. Wannan ai ko a Kano sai haka." Na ce bari in share gwajin kada ya shiga cikin na gaske. Na umarci ƙamus ya cire makullin da duk abin da ke ƙarƙashinsa, ya cire. Aka buga jeri, aka tura saƙonni, aka yi rabo a filayen makarantu. Ni ina ofis, ban je ko ɗaya ba.

Ranar Litinin ta biyu sai ga malamin gonar da ke kula da yankin Malumfashi, wani dattijo da ya kusa ritaya. Ya shigo ko hular kwanon babur bai cire ba, ya dangwarar da wani littafi mai baƙin bango a kan teburina.

"Malama, na'urarki ta cinye mani mutane."

Na ce, "Malam, ina kwana dai tukuna."

"Lafiya lau. Ta cinye mani mutane. Da hannuna na shigar da su a wayar nan. Ranar rabo aka kira suna aka gama, suna tsaye suna kallona."

Ni da saurin hawa, na ce ai kwamfuta ba ta cin mutane, abin da aka ba ta shi take riƙewa, ƙila dai ba ya danna turawa ne, ko sabis ke yanke mashi. Har na ce mashi ba laifi ba ne mutum ya ce bai iya ba. Ka ji rashin kunya, ga mutumin da a haife ya haife ni. Sai ya buɗe littafin. Ashe duk wanda ya shigar a waya sai ya sake rubuta shi da biro, haka ya saba aiki tun kafin a san waya. Ya ɗora yatsa a kan wani shafi ya ce in nemo mashi waɗannan.

Mutum tara ne a jere daga unguwa ɗaya. Sunayensu daban, gonakinsu daban, lambar wayarsu ɗaya. Na ce wannan kuma fa? Ya dube ni sama da ƙasa.

"Lambar mai cajin waya ce a bakin kasuwa. Duk wanda ba ya da waya a unguwar tasa yake bayarwa, in saƙo ya zo shi ke aikawa a faɗa masu. Haba Malama, ke ba 'yar ƙauye ba ce?"

Na sa lambar a ƙamus. Mutum ɗaya ya fito, na taran, wanda aka shigar a ƙarshe.

Na kawar da buhu daga kan benci na ce ya zauna, muka fara bi shafi-shafi, yana karantowa ina nema. Abin da ya fi ci mani rai shi ne irin mutanen da suka ɓace. Mai shago da mai babur da ɗan kasuwa duk suna nan daram, don kowa da wayarsa. Waɗanda suka faɗi su ne matan da mazansu suka rasu suna noma bayan gida, da tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi birni, da wani mai lalurar ido da ya ba da lambar liman. Akwai tsohuwar da ta ba da ta fasto, shi kuma faston ya yi tasa rajistar bayan kwana biyu ya danne ta bai sani ba. Wato abin da na rubuta ina jin kaina ya zauna ne ya tsince marasa kowa ya zubar.

Muna cikin haka Malam ya juya shafi, ya ɗan ja littafin wajensa. Amma na riga na gani. Lambata ce, da rubutunsa, tun ranar farko ta rajista. A gefenta ga sunan Baba, ga sunan ƙauyenmu, ga gonar bakin rafi.

Na tuna Larabar nan, na tuna wayata tana ƙara a kan tebur. Gwajina ne ya hau kan sunansa ya danne, sannan na sa aka cire makullin gaba ɗaya. Na sake buga lambata a ƙamus, ko da na san amsar, ya ce mani babu komai a nan. Sauran mutanen ko ba komai wani manomi ne ɗan'uwansu ya zauna a wurinsu, shi kuwa Baba 'yar cikinsa ce.

Malam ya ce a hankali, "Ya ce mani lambar 'yarsa ce, tana aiki a Funtua. Ban san ke ce ba sai ranar rabo."

Na ce me ya faru ranar rabo? Ya ce a bar maganar. Na matsa mashi. Sai ya ce tsohon ya iso tun kafin motar iri, da buhunsa, ya samu gindin katangar makaranta ya tsaya. Aka yi ta kira har la'asar. Da aka gama sai wani maƙwabcinsa ya ɗaga murya ya ce ai ba mamaki, 'yar da ta kaɓar maka da ƙwarya ita ke riƙe da jerin, ta cire ka ne don ba ka zuwa coci. Waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka ce Allah ya kyauta. Malam ya je ya ba shi haƙuri, ya ce zai ɗebar mashi ko kwano biyu ne daga gefe. Tsohon ya ce a'a, wanda aka kira shi ke da iri. Ya naɗe buhunsa ya kama hanya.

Na tashi na zagaya bayan shagon taki na yi kuka, na gaske, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izar Inna. Da na dawo na tarar Malam ya cire hular kwanon yana jirana, na ba shi haƙuri kan maganar da na faɗa mashi. Ya ce ba komai, mu ci gaba.

Gyaran bai ɗauke ni kwatan awa ba, abin haushin ke nan. Na sa kowane makulli ya riƙe jeri maimakon mutum ɗaya. In lamba ta zo a duba ko akwai wani a ƙarƙashinta, in akwai a ƙara sabon a bayansa, kowa ya zauna. Layi uku ne kacal. Wahalar ita ce dawo da waɗanda suka tafi, don ƙamus ba ya tuna abin da ya sauke. Na kira sauran malaman gona, masu littafi suka kawo, marasa shi suka koma ƙauyuka suna tambaya gida-gida. Kwana biyu ina shigar da sunaye da hannu, kuma har yau ban tabbata mun samo kowa ba.

Alhaji ya yi faɗa, kuma ya cancanta ya yi. "Ke yarinyar kwamfuta, kin san abin da ake faɗa a kaina a kasuwa?" Na ce laifina ne. Ya ƙara, na sake cewa laifina ne, har ya rasa abin cewa don bai saba ji daga bakina ba. Da ya huce ya ce akwai ragowa a sito, ba zai kai yadda aka ba na farko ba amma kowa zai samu, malaman gona su kai masu har gida. Na ce na babana ni zan kai. Ya dube ni ta saman tabarau. "Ashe kina da uba a raye? Shekara uku kina nan ban taɓa jin kin ambace shi ba."

Da yamma na kira yayana na faɗa mashi, da fatan zai ce ya zo mu tafi tare. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Wannan dai ke za ki je da ƙafarki." Na kashe wayar cikin fushi, na zauna a bakin katifa da ledar irin a gabana. Tsoro nake ji, ba na faɗa ba, don Baba ba ya faɗa. Tsoron kada in je in rantse mashi ya dube ni bai yarda ba. In mutum ya taɓa wulaƙanta ka a gaban jama'a da gangan, da me zai shawo kanka cewa na biyun kuskure ne?

Ranar Asabar na ɗaure ledar a cikin zane na hau motar Malumfashi. An yi ruwan shuka ranar Alhamis, ko'ina ka duba mutane ne a gona, mai sungumi a gaba, mai zuba iri a baya yana rufewa da diddige. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya tambaye ni gidan wa za ni. Na faɗa mashi. Ya ce, "Au, ke ce?" Matan da ke bakin rijiya sun amsa gaisuwata da kyau, amma ina wucewa na ji an daina jan guga.

Gidan ya yi mani ƙanƙanta. Rufin ɗakin Inna ya rufta ba a gyara ba, kaji ne ke shiga suna fita. Baba na zaune a inuwar rumbu yana fiƙe ƙotar fartanya da wuƙa. Ya tsufa fiye da shekara huɗu. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambaye ni hanya, da aiki, da mutanen Funtua, da yadda muka ji da zafi, bai bar ko ɗaya ba, yadda ake gaida baƙon da ba a san abin da ya kawo shi ba. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Na fara bayani. Wayyo, ban taɓa jin aikina ya zama shirme a bakina ba irin ranar nan. Na ce ƙamus, na ce makulli, na ga ba inda za ni. Na koma na ce na'urar wurin zama ɗaya ta tanada ma kowace lamba, in wani ya zo daga baya sai ya zauna a kan na farko. Yana ta fiƙe ƙotarsa.

"Wa ya zauna a kaina?"

"Ni ce, Baba. Gwaji nake yi. Ban san kana wurin ba."

"Ba ki duba ba?"

"Ban duba ba."

Ya gyaɗa kai. Wannan tambayar ta fi komai yi mani zafi, don da na buɗe sunan ƙauyenmu sau ɗaya a cikin sati ukun nan, da na gan shi.

Na kwance zanen na tura ledar gabansa. Bai taɓa ta ba. Ya ce jiya ya gama shuka dawarsa, gonar bakin rafi ta cika, kuma ni ma na san ba ya noma masarar leda, tuwonta ba ya riƙe mashi ciki. Ya ce in miƙa ma tsohuwar bayan gida, tana da jikoki.

Nan fa halina ya motsa. Ina durƙushe hawaye na zuba, amma na ji raina ya ɓaci. Na ce, "To Baba, in ba ka so, me ya kai ka rajista? Me ya kai ka tsayuwa a rana mutane suna yi maka dariya?"

Ya ajiye wuƙar a kan cinyarsa. "Malamin ya ce saƙo ta lamba zai shiga, mai lambar shi zai kawo ma mutum labari. Na ce to, ko ba don ni ba, aikinki zai kawo ki." Ya ce ya yi ta sauraren ƙarar babur har maƙwabta duk suka samu nasu saƙon. Da ranar rabo ta zo sai ya ce ƙila tare da motar zan zo, tunda ni ce da na'urar. "Shi ya sa na tsaya har aka gama. Ba sunana nake jira ba."

Na kasa ɗaga kai. Ni a zatona a duk duniya ba mai jiran zuwana, ina can ina cin awara a gaban kwamfuta ina tausayin kaina. Kunya ta kama ni irin wadda ban san da ita ba. Na ce, "Baba, na rantse maka ba da gangan ba ne. Ka yafe mani, har da na ranar Inna."

Ya ce, "Mutane sun ce da gangan ne. Ni ban ce ba." Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba. Maganar ranar Inna kuwa ko tankawa bai yi ba.

Muka zauna haka, ni ban tashi ba, shi bai ce in tashi ba. Can na ce, don dai in ji muryarsa, "Ina ka samu lambata?"

Ya nuna jikin rumbun da haɓa. A gefen da ruwa ba ya bugu, daidai ƙugun mutum, akwai wuri mai faɗin faifai da aka yi ma sabon yaɓe, ya fi sauran jikin duhu, har da sawun yatsu. Ya ce yayana ne ya rubuta mashi ita a nan da gawayi shekarar da Inna ta rasu, wai ko wani abu zai taso. Shi bai iya karatu ba, amma duk lokacin da ta fara dushewa sai ya bi sawunta da gawayi ya maimaita yadda ya gan ta. Nan ya kawo malamin gona ya kwafa.

"Ranar da na dawo daga rabo na kwaɓa ƙasa na rufe."

Na tashi ban nemi izini ba. Na je murhu na tono gawayi, na dawo na tsaya a gaban sabon yaɓen. Na san yana iya cewa in bari, kuma da ya ce, da ba ni da ta cewa, sai dai in ɗauki zanena in nemi acaɓa. Na rubuta sifili, na rubuta ta biyu, na rubuta ta uku. Sai na ji ƙarar wuƙa a kan ƙota ta tsaya.

"Ɗaga sama kaɗan," in ji shi. "Awaki na goga jiki a nan."